Bugu Uku a Bangon Baba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Zuwa ga Yayana Saifullahi, can Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Nasiha da 'yata Ummussalma. Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare ku daga ruwan garin nan naku da ba ya gajiya da zuba. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai, tsuntsaye ne kawai suka ɗauka don su muka shuka. Gwiwar Gwaggo Fatsuma ta yi sauƙi tun da aka kai ta asibiti a Birnin Kudu, har ta koma bin gidajen suna. Ƙanwarmu Hawwa tana nan da bakinta kamar yadda ka bar ta. Akuyarka ta haifi biyu, namijin na sa masa suna Ɗan Fatakwal saboda ba ya zama a gida.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali ga waya. Sau biyu na ɗauki wayar zan yi maka saƙon murya, na fasa. Kuma ka san gidanmu, ko a bayan rumbu mutum ya yi raɗa sai Hawwa ta ji. Shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba Ɗanbala direba idan ya tashi da lodin albasa. Akwai ƙunshi a baƙar leda tare da takardar. Don Allah kada ka buɗe shi sai ka kai ƙarshen karatu.

Yaya, ranar Laraba ta makon shekaranjiya ba a ji muryar Baba da asuba ba. Ka sake karanta wannan layin, domin ni ma har yanzu idan na tuna sai in ga kamar mafarki ne. Baba, Malam Ƙasimu ladan, wanda shekara talatin da wani abu ake gyara agogo da kiransa, wanda mutanen Kiyako suke cewa mala'iku ne ke tashinsa, ya kwana har gari ya yi haske. Abin da zai ƙara ba ka mamaki, garin gaba ɗaya ya makara tare da shi. An tashi da hadari a ranar, waɗanda suka farka sai suka ci gaba da kwanciya suna jiran kira. Liman Malam Sulaimanu da bakinsa ya ce ya farka ya duba wayarsa, ya ga lokaci ya yi, amma da bai ji Baba ba sai ya ce wayar ce ta lalace, ya koma ya kwanta. Sai da zakaru suka gaji da cara sannan Malam Abdulnasir, mai kantin bakin masallaci, ya ruga ya kunna lasifika ya kira salla, lokacin har ana gane fuskar mutum daga nesa. Da na leƙa ɗakin Baba na same shi zaune a bakin gado, buta a hannu, yana kallon hasken da ya shigo ta taga. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka fita da Inna.

To, bari in koma baya in faɗa maka abin da na aikata, don ni ne silar komai, ko da yake a lokacin ban san akwai haɗi tsakanin abubuwan biyu ba. Ka san Fasto Iliya, tsohon nan na ƙaramar cocin da ke bayan gonarmu, mijin Mama Rifkatu. Ka san kuma tun ina yaro wasan jika da kaka ke tsakanina da shi. Shi yana ce min Sarkin Barci, ni ina ce masa tsoho mai cinye wa jikoki tuwo. Na taɓa ɗaure masa keke a reshen mangwaro, shi kuma ya taɓa aika ni har Yalwan Damai karɓo saƙon da babu shi. To wata rana a teburin mai shayi sai aka ɗauko hirarsa, wai kullum tun da duhu yake fita daga gida ya tafi coci shi kaɗai ya yi addu'a, kuma ta siririyar hanyar bayan gidanmu yake bi, ta gindin tsamiyar nan da ko da rana yara ba sa son tsayawa. Aka ce shekara da shekaru, ruwa ko iska, bai taɓa fashi ba, kuma bai taɓa tsorata ba. Ni kuwa na bugi ƙirji na ce a ba ni kwana biyu, sai na sa tsohon nan ya yi gudun da bai yi ba tun yana saurayi.

Ranar Talata da yamma na sari itace biyu na gicciya, na cusa ciyawa, na yi mutum-mutumi kamar na korar tsuntsaye, sai dai dogo. Na rasa farin kayan da zan sa masa. Nan ne, Yaya, Shaiɗan ya tuna min da akwatinka. Farar babbar rigarka ta ɗaurin aure, wadda ka ce ko inuwata kada ta taɓa, ita na ɗauko na zura masa, na kafa shi a tsakiyar hanya daidai gindin tsamiya, gab da magariba. Niyyata in tashi da wuri in laɓe cikin gero in sha kallo. Amma ka san ni da barci. Ban farka ba sai da ihun Malam Abdulnasir a lasifika ya tashe ni.

Hawwa ce ta fara ganin Fasto, ta fita zubar da shara. Yana kwance a cikin kududdufin nan inda muka haƙo ƙasar bulo, taɓo har ƙirji, ƙafarsa ta hagu ta karye a ƙasan gwiwa. Kuma ka ji abin haushin, Yaya, ko ɗigon tsoro bai ji ba. Daga baya ya ba da labari cewa da tocilarsa ta haska farin mutum tsaye, sai ya ɗauka baƙo ne ya ɓace hanya, ya gaishe shi sau biyu, har ya tambaye shi ko gidan wa yake nema. Da ya ji shiru sai ya ce wataƙila bawan Allah yana lazimi ne, bai kamata a katse shi ba, ya ratse gefe don ya ba shi wuri. Gefen kuwa ruwa ya zaizaye shi. Ladabi ne ya jefa shi rami, ba tsoro ba. Aka ciro shi, aka aika Gwaram aka ɗauko mai ɗori. Ni kuwa da mutane suka watse na lallaɓa zan cire rigarka, sai na tarar da itace biyu tsirara, ciyawa a zube, riga babu ita.

Ban faɗa wa kowa abin da na aikata ba. Ranar Alhamis Baba ya sake makara. Ranar Juma'a ya ƙi kwanciya sam don kada ya kuskure, ga yanar nan da ta rufe masa ido ba ya ganin agogo, sai ya tashi ya kira salla tun lokaci bai ko kusa ba. Mutane suka yi alwala suka zo suka zauna suna hamma fiye da awa ɗaya. Daga nan magana ta fara yawo. Wasu suka ce tsufa ne, a sallame shi da mutunci. Wasu suka ce ai ga Malam Abdulnasir da murya kamar ta rediyo, ga waya mai ƙara. Liman ya sa ranar Lahadi bayan la'asar dattawa su zauna a yanke shawara. Baba ya daina cin abinci. Gwaggo ta dama masa kunu ya ce a ajiye, har ya yi sanyi. Ka fi ni sanin cewa tun rasuwar Inna ba abin da ya riƙe Baba a duniyar nan sai wannan kiran. Idan aka karɓe masa shi, wallahi ban ga zai kai kaka ba.

Ranar Asabar da hantsi sai Baba ya ce in riƙe masa hannu mu je dubiyar Fasto. Ba halin in ƙi. Muka same shi kwance a tabarma a inuwar ɗaki, ƙafa ɗaure da karare. Ina jiran ya fara maganar wanda ya kafa abin nan a hanya. Ko kusa. Tun kafin Baba ya gama zama Fasto ya kama hannunsa, ya ɗaga murya yadda kunnen Baba zai ɗauka, ya ce ya ji kiran Juma'a, ya ji shirun Laraba da Alhamis, kuma abin ya fi karayar yi masa ciwo. Ya ce yana cikin ramin nan babu abin da yake tunani sai bango, saura taku goma ya isa. Ya yi ta kiran sunan Baba daga cikin taɓo har murya ta dushe, alhali ya san ba zai ji ba. Ni dai na saki baki ina kallonsu, ban san wane bango ake magana ba. Sai na ga hawaye na bin gemun Baba.

A nan na ji abin da shekara goma sha ɗaya ba wanda ya sani a garin nan, har kai da kake babban ɗansa. Ashe da can Inna ce take tashin Baba. Bayan ta rasu, kunnensa kuma ya fara nauyi, ran nan sai ya makara a karo na farko. Fasto yana wucewa ta bayan gida zai tafi addu'arsa, ya ji shiru a lokacin da ya saba jin motsin buta, sai ya ɗaga sandarsa ya bugi bangon ɗakin Baba sau uku. Kan gadon Baba a jikin wannan bangon yake, ko kunne bai ji ba ƙashin kai yana ji. Baba ya yi tari daga ciki, Fasto ya wuce. Washegari ya sake. Shi ke nan, ba su taɓa zama sun yi maganar ba, ko sau ɗaya, har ranar Asabar ɗin nan. Wayar da ka aiko masa mai ƙarar tashi tana cikin kwanon Inna tun ranar da ta iso, domin ba ya jin ta, kunya ce ta hana shi faɗa maka. Yaya, mala'ikan da mutanen Kiyako ke faɗi, ashe tsoho ne mai sandar gora da tocila mai batir biyu. Shi na jefa a rami.

Baba ya shiga yi masa godiya, Fasto ya ce ya bari, ai shi ne da godiya. Ya ce mutumin da aka ɗora wa jagorancin jama'a, idan bai fara tsayawa gaban Allah ba kafin jama'a su tsaya a ƙofarsa, to duk abin da zai ba su a ranar daga cikin fushinsa da gajiyarsa zai fito. Wai yana matashi, a wani garin da ya fara aiki, ya taɓa sakin addu'ar asuba da hujjar aiki ya yi yawa. Cikin wata uku ya ɓata da dattawan cocinsa kaf, wa'azinsa ya koma faɗa, har wata tsohuwa ta tare shi a bakin rijiya ta ce masa ɗana, ko ba ka faɗa ba fuskarka ta nuna ka daɗe ba ku gana da Ubangijinka ba. Tun ranar ya ɗaure wa kansa. Amma ya ce kada mu ɗauka shi ba ya jin daɗin bargo. Akwai safiyoyi da yawa da jiki yake ce masa yau ɗaya dai ka huta, sai ya tuna Malam Ƙasimu na kwance kansa a jikin bango, idan shi ya yi lalaci gari guda zai makara, sai ya miƙe. Ya ce don haka shi bai san wa yake tashin wani ba tsakaninsu.

Bakina da ba ya iya shiru ya tambaye shi me yake faɗa wa Allah haka kullum da ba ya ƙarewa. Ya ce gidaje ashirin da uku ne a cocinsa, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da sunan kowa, mai ciwo da mai ciki da wanda ɗansa ya ƙi ji. In ya gama sai ya bi maƙwabta. Ya ce sunanka yana ciki tun ranar da ka hau mota zuwa Fatakwal, nawa kuma ya fi na kowa daɗewa a bakinsa saboda aikina ya fi yawa. Ya ce damuwarsa yanzu ita ce a kwance ba ya iya kaiwa ƙarshe, yana isa gida na shida barci ke ɗauke shi, sauran gidaje goma sha bakwai kwana huɗu ke nan suna jiransa. Kowa da addininsa, Yaya, ni ban fasa nawa ba shi ma bai fasa nasa ba, amma wallahi na ji kunyar kaina. Ni da masallaci ke taku arba'in daga shimfiɗata, a wata nawa nake samun asuba a jam'i?

Da muka tashi tafiya Mama Rifkatu ta raka mu zaure. Ta bar Baba ya yi gaba kaɗan, sai ta miƙo min baƙar leda, ta ce ga shi in mayar inda na ɗauko. Ko fuska ba ta ɓata ba. Na leƙa ciki. Rigarka ce, an wanke ta, an sa mata bula, an goge, an ninke. Ita ta cire ta tun da safiyar ranar kafin mutane su taru, don ta gane ta, ai ita ta soya wainar bikinka. Ma'ana duk hirar nan da muka yi, duk tsokanar da Fasto ya yi min, ya san ni ne. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Lahadi dattawa suka zauna a ƙofar masallaci. Ba a gayyace ni ba, amma na je na durƙusa a gefen tabarma da ledar a hannuna. Kafin Liman ya buɗe magana na ce ina da laifin da zan faɗa, na zayyana komai, tun daga teburin mai shayi har ramin. Wuri ya kaure da salati. Ban faɗi maganar bango ba, don ba sirrina ba ne. Wani ya ce to mun ji, yaro ya yi hauka, amma mene ne haɗin wannan da makarar ladan. Sai Baba ya dafa sandarsa ya miƙe tsaye, ya faɗa musu da kansa, bai rage komai ba. Yaya, ka taɓa ganin dattawa goma sha biyu sun yi shiru lokaci ɗaya? Har kukan Ɗan Fatakwal ana jiyowa daga gida. Can sai wani dattijo, ba zan rubuta sunansa ba, ya ce wannan ai abin kunya ne, idan labari ya kai Sundimina cewa fasto ke tashin ladanmu sai mun daina zuwa kasuwa.

Liman ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce yana da tambaya ɗaya. A cikin waɗanda ke zaune, ranar Larabar nan da aka ji shiru, wa ya tashi ya taka zuwa gidan Malam Ƙasimu ya duba ko lafiya? Ba wanda ya ɗaga kai. Ya ce shi ma bai je ba, wayarsa ya zarga. Ya ce to abin kunyar yana nan, amma ba a inda aka nuna ba. Maƙwabci ya riƙe mana haƙƙin maƙwabtaka shekara goma sha ɗaya bai nemi ko sannu ba, mu kuma muna kwance muna yabon mala'iku. Ya ce muryar ladan ba ta tsufa ba, kunnensa ne ya tsufa, kuma ba da kunne ake kiran salla ba. Malam Ƙasimu na nan a kan aikinsa. Malam Abdulnasir, Allah ya saka masa, shi ya fara cewa ya yarda. Sai Liman ya juyo kaina ya ce wanda ya karya ƙafar da ke zuwa bangon, shi zai zama ƙafar har ta warke.

Yau kwana tara ke nan, Yaya. Ni, Sarkin Barci, wayarka da ke cikin kwanon Inna ita ke tashina, na ɗaure ta a wuya da zare don kada in kashe ta cikin magagi. Ina ɗaukar amalanken Gwaggo in shimfiɗa bargo a ciki, in je in ɗauko Fasto, in turo shi ta hanyar bayan gida. Na cike gefen kududdufin da ƙasa da hannuna. Ranar farko da muka zo bangon na ɗaga hannu zan buga, sai ya ce in matsa can, ni turi aka ce in yi, kuma ko turin ban iya ba, duk ramin da ke hanya sai na gaishe shi. Ya miƙa sandarsa daga cikin amalanke ya buga sau uku. Muka kasa kunne. Sai ga tarin Baba daga ciki. Ban san lokacin da na fara share ido da hannun riga ba, tsohon nan kuwa ya ce in daina yi masa ruwa a ka. Ina ajiye shi a ƙofar coci in ruga masallaci, in na idar in koma in ɗauko shi. Jiya ya ce min ya kai gida na ashirin da uku har ya bi maƙwabta, kuma ya rage tsawon nawa kaɗan. Baba ya koma cin tuwonsa, shekaranjiya har ƙari ya nema.

Yanzu sai ka buɗe ledar. Akwai wata 'yar yagewa a wuya inda itace ya huda, Mama Rifkatu ta ɗinke ta, sai ka sa ido sosai za ka gani. Na nemi gafarar Fasto ya yafe, ya ce amma ramuwa tana nan zuwa idan ƙafa ta warke. Na nemi ta Baba ya yafe. Taka ce ta rage, don Allah ka yafe min. Idan ka kira Baba kada ka nuna masa ka ji haushin maganar wayar, ka yi masa hira kawai, da ƙarfi.

Baba yana sa muku albarka. Gwaggo Fatsuma tana gaida Yaya Nasiha, ta ce kukar da daddawar suna cikin buhun Ɗanbala. Hawwa tana gaida Ummussalma. Fasto Iliya da Mama Rifkatu sun ce lallai in sa gaisuwarsu, shi kuma ya ce in gaya maka rigarka ba ta da tarbiyya, sau biyu ya gaishe ta ba ta amsa ba. Allah ya sada mu da alheri. Zan tsaya nan, don gobe akwai bango yana jiranmu.

Ƙaninka,
Munzali Ƙasimu